Mutum-mutumin Gwangwani: Nasiha Ga Mai Zama Da Ƙaramin Yaro

Ya ku 'ya'yana samari da 'yan mata, waɗanda Allah cikin hikimarsa ya kawo ku duniya a zamanin da na'ura ta yawaita har ta cika bola, ku ba ni aron hankalinku in yi muku magana a kan wani al'amari wanda mai hange daga nesa zai ɗauke shi wasan yara, alhali kuwa ni da na shiga cikinsa da furfurata na tarar da abin da ya fi ƙarfin wasa. Da wuya yau a shiga gida, a birni ko a ƙauye, a rasa mushen rediyo a bisa kabad, ko tocilar da ta daina haske, ko motar wasan da aka saya wa yaro da Sallah ta mutu tun ba a gama yawon Sallar ba. Makomarsu duka kuwa ita ce buhun ɗan jari-bola, wanda zai ɗaga su a hannu ya ba da abin da bai kai kuɗin ƙosai ba. To, a cikin wannan tarkacen akwai abin da ya isa a haɗa ɗan mutum-mutumi mai tafiya da kansa, kuma kowane ɗayanku yana da ƙane ko ƙanwa, ko ɗan yaya, ko ɗan fari, wanda zai durƙusa a gabansa ya zuba ido. A kan wannan zaman nake so in yi muku nasiha, kuma zan fara da laifina, domin mai nasihar da ya ɓoye tuntuɓensa ya tauye rabin fa'idar da zai bayar.

Ina da jika 'yar shekara shida, wadda bisa wasan kaka da jika nake ce wa Amarya, ita kuma take ce mini Tsoho ba tare da ko ɗar ba. Wata rana ta ga mutum-mutumi a wayar uwarta yana kai wa mutane abinci, sai ta zo ta tsaya a kaina ta ce in dai ni mijin kirki ne in yi mata irinsa. Ni kuwa da yake a ƙuruciyata na ɗan zauna a rumfar wani mai gyaran rediyo, har na san bambancin jar waya da baƙa, sai ujubu ya shige ni, na ce a raina yau yarinyar nan za ta san wanda ta aura. Na bari ta yi barci, na kunna fitila, na raba dare ina yanka ina liƙawa, har na haɗa wani abu mai ƙafa huɗu na marafan kwalba, da idanu biyu masu haske, wanda ni kaina da na dube shi sai da na yaba wa kaina. Da gari ya waye na ajiye shi a gabanta, na taɓa makunni, ya kama hanya. Ta yi dariya, ta bi shi har bakin ƙofa, ta dawo da shi sau biyu, amma kafin hantsi ya dubi ludayi ta koma wajen 'yar tsanarta ta kara wadda ba ta motsi ba ta haske. Da na tambaye ta dalili, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ai naka ne, Tsoho."

Na daɗe ina tadabburin wannan kalma. Yarinyar ta faɗi gaskiya tsantsa: 'yar tsanar ita ta fere ta, ita ta yi mata kitso da zare, ta san inda kowane tsinke ya shiga, shi kuwa mutum-mutumin baƙo ne da ya sauka da dare, bambancinsa da na kanti kawai shi ne ya fi muni. Abin da na hana ta, a bisa zaton ina kyautata mata, shi ne ganin yadda abu ke fitowa daga rashin motsi zuwa motsi, da sanin cewa a tsakanin biyun akwai sababi wanda ido zai iya bi, yatsa kuma zai iya taɓawa. Wannan shi ne jigon abin da zan gaya muku, sauran duka sharhi ne.

Kada kuma wani ya ce muku wannan sana'a baƙuwa ce gare mu. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ƙaya, waɗanda suka biyo mu suka yi ta langa-langa da tayar tsohon silifa da dogon sitiyarin waya, ba mu rasa komai ba face ɗan injin da zai tura ta. Magabata kuma sun yi nisa a fannin, suna kiransa ilmul hiyal, watau ilmin dabaru. A Bagadaza, a ƙarni na tara na Miladiyya, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, waɗanda suka tashi a ƙarƙashin kulawar Halifa Ma'amun, sun wallafa littafi mai ɗauke da na'urori kusan 100. Bayansu aka yi Isma'ilu al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Artuƙawa a Diyar Bakr, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya kammala nasa littafin a shekarar 1206 da bayanin na'urori 50, har da mutum-mutumin da ke zuba wa sarki ruwan alwala ya kuma miƙa masa tawul. Mafi shahara a cikinsu agogon giwa ne, kuma asirinsa abu ne da kowace yarinya mai wanke-wanke ta taɓa gani: tasa ce mai 'yar huda a gindi, tana shawagi a cikin tankin ruwa da ke ɓoye a cikin giwar, tana shan ruwa sannu a hankali har ta nutse a cikin rabin sa'a, nutsewarta ta ja igiya, igiya ta saki ƙwallo, ƙwallo ya faɗa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin ya ɗago tasar, mai tuƙa giwa kuma ya buga ƙarfe a san lokaci ya yi. Abin da ya fi burge ni ga wannan bawan Allah shi ne bai riƙe iliminsa kamar yadda boka ke riƙe laƙani ba. Ya zayyana awo da siffar kowane sashe, daki-daki, domin wani maƙerin da bai taɓa ganinsa ba ya iya maimaita aikin.

Kalmar da Turawa ke kiran abin da ita, watau robot, ba ta daɗe ba. Ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da marubucin ƙasar Cek, Karel Capek, ya wallafa a 1920, asalinta kuma a harshensu aikin tilas ne, irin wanda talaka ke yi wa mai ƙasa. Amma wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne wani masanin ƙwaƙwalwa a birnin Bristol na Ingila, William Grey Walter, wanda a tsakanin 1948 da 1949 ya haɗa wasu na'urori biyu masu siffar kunkuru daga ragowar kayan yaƙi da tsofaffin agogunan ƙararrawa. Suna da ido ɗaya mai jin haske, da ƙoƙon baya mai jin karo, suna bin fitila suna kauce wa abin da suka ci karo da shi, har masana suka taru suna kallo. Ku lura, da tarkace ya yi su.

Farkon aiki tara kaya ne, kuma kada ku tara a bayan idon yaro. Ku ba shi kwali ya zama ma'ajinsa, ya riƙa jefa marafan kwalba, da bututun biro, da tsinken tsire, da robar ɗaure kuɗi, da gwangwanin madara. Abin da ba a samu a gida ba, mai gyaran rediyo na bakin titi yana da shi a ƙarƙashin tebur. Wanda kuma yake Kaduna ya san Panteka, na Kano ya san Ƙofar Ruwa, na Yamai ya san Katako. Ku tafi da yaron in hali ya yi, ya gaida masu sana'a, ya ga cewa akwai manya masu iyali da ke cin abinci da irin abin da yake tarawa a kwalinsa.

A nan ne wajibi ya hau kaina in tsaya in yi gargaɗi, domin yaro amana ne, kuma malamai sun ce kawar da mafsada shi ake gabatarwa a kan jawo maslaha. Wutar gida, wadda ƙarfinta ya haura bolt 200, ba ta da gurbi a wannan wasa ko kaɗan. Batirin tocila mai bolt 1.5 ya wadatar, in an jera biyu kai da gindi su ba da 3, kuma ko yaro ya riƙe wayar da hannu babu abin da zai ji. Kada ku buɗe tsohuwar talabijin mai ƙeya, ko na'urar ɗumama abinci, gama akwai sassa a cikinsu masu ajiye wuta bayan an zare su daga bango, suna iya kayar da ƙato. Batirin wayar hannu, balle wanda ya kumbura, in aka huda shi ko aka lanƙwasa yana kamawa da wuta. Mafi sharri a cikinsu kuwa shi ne mafi ƙanƙanta, watau batirin nan mai kama da maɓalli da ake samu a agogo da wasu kayan wasa: in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wajen a cikin sa'o'i biyu, don haka in har hakan ta faru, Allah ya kiyaye, asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga alama. Haka ƙananan maganaɗisu, in aka haɗiye biyu sukan manne wa juna ta jikin hanji su huda shi. Sai dalma, wadda ake liƙa waya da ita, take kuma cike da batirin mota. Wanda ya tuna abin da gubarta ta yi a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Murɗa waya da liƙa salatif sun isa aikin yaro ƙarami, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Wuƙa da reza su zauna a hannun babba. Sukundireba kuwa hakkin yaro ce.

Da na gane kurena, sai na kira Amarya wata Asabar bayan ta dawo daga Islamiyya, na shimfiɗa tabarma a zaure, na ajiye wata tsohuwar rediyo mai kaset a tsakaninmu, na miƙa mata sukundireba, ni kuma na ɗora hannayena a kan gwiwa na yi alkawari tsakanina da Ubangijina ba za su sauka ba sai ta nema. Kusa ta farko ta ci mata lokacin da ni zan kwance goma. Tana juyawa dama tana ƙara ɗaurewa, ta ciji leɓe, ta dube ni, na dubi rufi. Can ta juya hagu, kusar ta saki, ta yi wata irin ƙara har kakarta ta leƙo ta tambaya ko kunama ce. Wallahi haƙurin da na yi a wannan rabin sa'a ya fi na azumin bazara wuya, gama yatsun babba ƙaiƙayi suke yi in suka ga yaro yana fama da abin da suka iya.

A cikin rediyon muka sami ɗan injin da ke juya kaset, mai kamar gwangwanin tumatir ƙarami, da wayoyi biyu a bayansa. Na ce ta ɗora waya ɗaya a kan batir, ɗaya a gindinsa. Da ya yi zuuu a tafin hannunta sai ta yar da shi ta ja da baya, ta ce akwai ƙwaro a ciki. A nan ne fa babba yakan yi gafala, ya ga abin dariya ya samu, ya ce wa yaro ai aljani ne, ko ya ce asiri ne na Turawa. Ina gargaɗinku da wannan ƙarya, ko da wasa, domin yaron da aka saba masa da cewa duk abin da bai gane ba aljani ne, an rufe masa ƙofar tambaya, kuma shi ne gobe ɗan damfara zai nuna masa ƙwai mai haske ya karɓe masa jari. Muna da wani injin na biyu da ya riga ya ƙone, sai na fasa mata shi, ta ga siririyar wayar jan ƙarfe an naɗe ta a jikin ƙarfe, da maganaɗisu a kewaye. Na gaya mata, gwargwadon abin da hankalinta zai ɗauka, cewa wuta in ta bi ta naɗin wayar sai shi ma ya zama maganaɗisu, su riƙa ture juna da na kewayen, kuma akwai wasu 'yan harsuna biyu da ke sauya wa wutar hanya a duk lokacin da ya juyo, don haka turewar ba ta ƙarewa. Na ƙara mata da cewa mutumin da ya fara nuna wuta za ta iya juya abu, a Landan a 1821, Michael Faraday, ɗan maƙeri ne wanda bai yi karatu mai zurfi ba, a shagon ɗinkin littattafai ya yi almajirci. Ba ta damu da Faraday ba ko kaɗan. Abin da ta so shi ne in ba ta maganaɗisun ta je ta ɗebi allurai.

Mako na biyu muka yi jiki. Gwangwanin madara ya zama ƙirji, kwali ya zama gindi, muka liƙa bututun biro biyu a ƙarƙashi, muka zura tsinken tsire a cikinsu, ta soka marafan kwalba a bakin kowanne bayan na huda mata su da kusa. Ita ta ce a liƙa taya kai tsaye a bakin injin, na san ba zai yi ba, na yi shiru. A sama taya ta yi ta gudu kamar za ta tashi, da aka ajiye a ƙasa sai ta tsaya cik, gama irin wannan inji sauri gare shi, ƙarfi kuwa kaɗan. Na tura ta ta je ta duba keken ɗinkin uwarta, ta ga yadda igiya ta haɗa babbar ƙafa da ƙarama, ta lissafa sau nawa ƙaramar ke juyawa kafin babbar ta zagayo sau ɗaya. Da ta dawo muka ɗaura robar kuɗi daga siririn bakin injin zuwa wani kwarkwaron zare da muka zura a tsinken, ya zamana injin sai ya juya sau da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Saurin da aka rage shi ya koma ƙarfi.

Aka gama, ta taɓa makunni, babu abin da ya motsa. Daga inda nake zaune ina hangen illar: ta naɗe salatif a kan batir tun kafin ta ɗora wayar, don haka ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Idanunta suka kawo ruwa, ta ce in gyara. Na ce mata, "Amarya, wuta matafiyiya ce, daga kan batir take fita, kuma tilas ta koma gindinsa, bi ta da yatsa ki ga inda aka tare mata hanya." Ta bi, ta ɓata, ta yi fushi ta tafi cikin gida, aka kira la'asar na tafi masallaci. Da na dawo na tarar da ita a zaure ita kaɗai, ta ɓare salatif ɗin duka, mutum-mutumi kuma yana tafiya. Sai dai da baya yake tafiya, fuskar da ta zana masa da alli tana kallonta yana nisa da ita kamar bafaden da ke fita daga gaban sarki. Ni abin da na sani shi ne a musanya wayoyin biyu, injin ya juya ta ɗaya gefen. Kafin in buɗe baki ta tsuguna, ta shafe fuskar da yawu, ta zana wata a ƙeyar, ta ce, "To, yanzu ai gaba yake yi." Na rasa hujjar da zan kawo mata, domin a haƙiƙa babu wanda ya saukar wa gwangwani da gaba ko baya. Sai washegari na nuna mata musanyar waya, ta yi ta yi har batir ya mutu.

Na san a cikinku akwai masu tsantseni da za su tambayi hukuncin sura, kuma tambaya ce mai kyau. Abin da muka karanta a wajen malamanmu na mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya tabbata ne a kan surar mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Kuma sun togace 'yar tsanar 'yan mata, bisa hujjar abin da ya inganta cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai hana ta ba. Gwangwani mai taya huɗu da ɗigon alli bai kama hanyar surar ɗan Adam ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar fuskar, ya yi nasa a siffar mota ko akwati, aikin injin bai canja ba. Wanda kuma yake son tahakiki ya tambayi malamin unguwarsu.

Masana fannin za su ce abin da muka yi bai cika mutum-mutumi ba tukuna, tun da sharaɗinsa shi ne ya ji abin da ke kewaye da shi, ya yi aiki bisa abin da ya ji, kamar kunkurun Grey Walter. Kuma sun yi gaskiya. Saboda haka a mako na uku muka yi masa gashin baki da wayar ƙarfe mai ɗan tauri, muka kafa kusa dab da gindinta, ta yadda in ya yi karo da bango wayar za ta lanƙwasa ta taɓa kusar, hanyar wuta ta haɗu, ɗan ƙwan da muka ciro daga tocila ya kama. Ƙwan ya ƙi kamawa sai da ta juya ƙafafunsa, gama irin waɗannan ƙwayaye ta gefe ɗaya kawai suke barin wuta ta wuce, kuma wannan karon ba ta dube ni ba ma, da kanta ta juya.

Yanzu kwalinta ya koma biyu. Kakarta ta ɓoye tocilarta a ƙarƙashin matashi, uwarta kuma ta kafa doka a kan keken ɗinki. Shekaranjiya da na idar da sallar asuba na ji ana kwankwasa wani abu a zaure, na leƙa, sai ga Amarya ta zaunar da ƙanenta ɗan shekara huɗu a kan tabarma, ta ba shi sukundireba da wani tsohon agogon bango, ita kuma ta harɗe hannu a baya tana cije leɓe. Yaron yana ta juyawa dama, ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta ɗaga kai tana kallon rufi.